Wanda Ya Ba Albasar Ɗayyabu Ruwa

Da aka aiko mini daga Sabiyal cewa an yi ɓarna a fadama, na ɗauka irin wadda aka saba ce, ko shanu sun faɗa lambu, ko an kwance injin ban ruwa an yi gaba da shi. Sai mutumin da aka aiko ya ce a'a, ba a ɗauki ko tsinke ba. Ruwa aka ba albasa.

Wanda bai taɓa noman albasa ba zai yi dariya. Ni ban yi ba. Albasa in ta ƙosa, yanke mata ruwa ake yi, a bi ta a karya wuyan ganyen ya kwanta, a bar ta cikin ƙasa ta bushe ta yi ɓawo. Sannan a tone ta a kai rudu, rumfar karan nan da ake ɗagawa bisa itace don iska ta riƙa ratsawa, ta zauna har damina lokacin da take daraja. In ruwa ya same ta bayan an karya wuya, sai ta sha, ta kumbura, ta tsage. Ka sa ta a rudu, kafin wata ya kama sai wari. Dole ka kwashe ta zuwa kasuwar Aliero lokacin da kowa ke kwasar tasa, ka bayar yadda aka taya. Wanda ya yi maka haka ya fi ɓarawo mugunta, don ɓarawo ko ba komai zai ci.

Sunana Kalilu, mutumin Katanga ne ni ta ƙasar Jega, bin sawu kuma wajen ubana na same shi. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Tun da mai ɗakina ta rasu ba ni da wanda zan yi wa sallama in zan fita, saboda haka na ja ƙofa na hau keke.

* * *

Na iske rabin gari a bakin lambun. Duk sawun da zan duba sun tattake shi, masu takalmi da marasa takalmi, har da jaki. Haka mutane suke. Su kira ka ka karanta ƙasa, su riga ka shafe rubutun.

Mai lambun, Ɗayyabu, yana tsugune a kan kunya, ya ɗora hannuwa bisa gwiwa. Magidanci ne mai ƙarfi, amma ranar kamar an zare masa laka.

"Sannu, Ɗayyabu."

"Yawwa, Baba Kalilu. Ka ga aikin da anka yi mani."

Na ce ya ba ni labari tun daga farko. Shi kuwa ya ɗauko shi tun daga farkon shekara, ban hana shi ba, don mutum in yana kuka da baki ba a katse shi.

"Irin hwarko ruwan ƙarshen damina ya narkar da shi. Na sake zubawa. Na yi dashe kahin kowa, mutane na yi mani dariya wai na yi gaggawa. Ta kama. Sai ƙwari sunka sauka, ganye ya yi hwari, na yi ta yawon neman magani har Jega. Ta murmure. Sai man hetur ya ɓace, inji ya zauna kamar dutse, na kwan bisa layi a Aliero ban samu ba sai na 'yan bumburutu. Dud da haka, Baba, dubi kanta." Ya tono guda ya miƙo mini. Ta cika tafin hannu, ja jawur, amma gindinta ya fara tsagewa. "Tun da nike noma ban taɓa ganin irin ta ba. Tawa ta riga ta kowa ƙosawa. Na yanke ruwa, na karya wuya, sai ciwon mai ɗakina Zinatu ya tashi, na kai ta asibiti Jega, na yi kwanaki can. Na dawo na iske wanga."

"Ya jikin nata?"

Ya ɗago kai ya dube ni. Ina jin tun safe babu wanda ya tambaye shi.

"Da sauƙi. Na bar ta wajen 'yar uwarta."

Na tuɓe takalmi na shiga. An raba lambun fangali fangali, kowane da bakinsa da ake buɗewa ruwa ya shiga. Abu biyu na gani da ban gane kansu ba. Na farko, ba a bi fangalin a jere ba yadda mai ban ruwa ke yi. An ba wannan, an tsallake wancan, an koma can gefe an ba wani. Wajen rabi ya sha, rabi bai sha ba. Na biyu, duk faɗin wurin ba a taka ko albasa guda ba. Ruwa ya narkar da sawun, amma wanda ya yi aikin ya yi tafiya a tsakaninsu kamar mai ratsa ɗakin da yara ke barci.

Babu alamar inji. Da tsohon jigon da ke bakin rijiya aka ja ruwan, guga bayan guga. Aikin wuni ne.

* * *

Maigari ya kira ni zaure. Dattijo ne mai son a gama magana kafin abinci ya huce.

"Kalilu, ka san al'adar hwadamar ga. Wanda ya ɓata lambun wani ba shi ƙara dasa komi cikinta, ko shi ko ɗiyanai. Haka munka iske. Abin da nike so gare ka suna kawai."

"Allah shi ba ka nasara, yaushe anka yi aikin?"

"Ranar sunan jikana. Hwadama ba kowa, gari duka na nan gidana tun sahe har la'asar."

"Gari duka?"

"Ban da mutum guda," in ji wani daga bakin ƙofa. Sauran suka yi gyaran murya. Ba su faɗi sunan ba sai da na tambaya. Abdussalam, ɗan baffan Ɗayyabu, wanda lambunsa ke jingine da nasa. An ga ya ci tuwo ya sulale tun kafin azahar. Kuma kowa ya san sun yi cacar baki bara a kan kunyar da ke tsakaninsu.

Na sake tambaya ko akwai wani da bai zo sunan ba. Suka dubi juna, suka ƙirga gidaje da baki, suka ce babu.

* * *

Na sami Abdussalam a gindin mangwaro ya kwance injinsa gunduwa gunduwa, ba don ya lalace ba, sai don hannunsa ya sami abin yi. Tun da abin ya faru babu mai amsa masa sallama.

"An turo ka ka kama ni, Baba?"

"Ni ba ɗan sanda ba ne. Ina ka tahi ranar suna?"

"Hwadama."

Ban zaci zai faɗa da sauri haka ba. Na zauna.

"Mi ya kai ka?"

Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa. "Kallo. Kowa na cewa albasar Ɗayyabu, albasar Ɗayyabu, har bisa tabarmar suna. Tuwon ya ƙi wuce mani. Na ce bari in tahi in gan ta da idona ba kowa na kallona. Tawa kuwa ga ta can, kamar goro."

"Ka iske ta jiƙe?"

"Ban kai ba. Na tsaya nan gindin mangwaron ga, na ji ƙarar jigo, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Na ce Baffa Ayuba ne ya sato jiki ya zo wasa da jigonai. Ban so shi gan ni ina leƙen lambun ɗanai, sai na juya."

"Ka gaya wa maigari haka?"

"In ce mi? In ce baffana ya kashe albasar ɗanai? Gara a kore ni." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Baba, ni mai hassada ne, ban musu ba. Amma dubi hannuna. In ja jigo wuni guda don in ɓata wa wani? Ko don in gyara tawa ban iyawa, shi ya sa na sayi inji."

Na duba. Tafin hannunsa baƙin mai ne kawai, babu kanta sabuwa, babu ƙuna irin ta igiya. Wannan ba hujja ba ce da za ta shiga kunnen mutanen da suka riga suka yanke hukunci, amma ni ta ishe ni in matsa gaba.

* * *

Ayuba, uban Ɗayyabu, sa'ana ne. Mun yi yawon kasuwanni tare da ƙuruciya, har Kamba mun je a kan jaki. Na same shi a ƙofar gida a kan buzu, shi kaɗai, gida duk an tafi kallon ɓarna.

"Kalilu, kai ma ka tsuhwa."

"Ba kamar kai ba. Ni har yanzu keke ke ɗaukata, kai buzu."

Muka yi dariya, muka gaisa, na ba shi goro. Da ya miƙo hannu ya karɓa sai na ga hannun na rawa kamar ganye. Sai da ya haɗa da ɗayan sannan ya kai baki. Ban ma yi tambayar da ta kawo ni ba, shi ya yi ta da kansa.

"An ce da jigo anka yi. Kuma a garin ga ni kaɗai na rage mai son jigo. Ko ba haka kake tunani ba?"

"Na yi tunanin, amma na ga hannunka."

"Da ma ina iyawa," ya ce. "Ba don in ɓata ba. Don dai in ji ruwa ya bi ta ƙahwata. Tun da inji ya zaka yaran ga ba su tambaya ta komi. Da can mai ban ruwa na waƙa, na kusa da shi na amsawa. Yanzu in inji na kuka ko sallama ba ka ji."

Ya tauna goron a hankali. Can sai ya tsaya.

"Amma tsaya. Da wane jigo? Nawa?"

"Na bakin rijiyar Ɗayyabu."

"Igiyar wanga jigo ta tsinke tun bara. A gabana ta tsinke, guga ya hwaɗa rijiya, Ɗayyabu ya ciro shi ya rataye ya ce ba shi da amfani. Wa ya ɗaura ta?"

Na miƙe ina neman takalmina.

"Ka dawo mu yi hira," ya ce a bayana. Na ce to. Mu duka mun san yadda irin wannan to ɗin take.

* * *

Da safe na koma fadama kafin mutane su fito. Jiya ƙasa na yi ta kallo, don ita na saba kallo, ban ɗaga kai sama ba. Na jawo itacen jigon ƙasa na kama igiyar.

An haɗa tsohuwar da wani guntu sabo, kuma ƙullin ba na manomi ba ne. Manomi in ya ƙulla igiya yakan yi mata dunƙule ya ja har sai wuƙa ta raba su. Wannan kuwa madauki ne da ɗan kunne a gefe, ya riƙe gam, amma ka ja kunnen sai ya warware a hannu guda. Na yi shekaru ina bin sawun shanun sata, na shiga ruga ba adadi. Ƙullin dangwali ne, igiyar da Fulani ke jera maruƙa a kanta in za a yi tatsa.

Ina tsaye da igiyar a hannu sai ga Gwaggo Gudiya da kwandonta. Tsohuwa ce mai bin lambuna tana sayen lawashin albasa tana yin gabu, busasshen ganyen nan na miya.

"Kalilu, ka kama shi ko har yanzu kana shinshine?"

"Gwaggo, akwai ruga kusa?"

"Wace ruga da rani? Sun yi kudu tun tuni."

"Ba Bahillace ko guda a hwadamar ga?"

"Babu." Ta ɗaga kwando za ta wuce, sai ta dakata. "Sai dai ko wancan na wutsiyar hwadama, bayan gonar gwaiba. Mai tumatir. Amma shi ai ba shi da shanu."

"Mi sunanai?"

Ta nemi sunan ta rasa. "Agwai dai muke ce mai, kamar kowane Bahillace, in ta kama."

Daga bakinta na tsinci sauran. Daga wajen Gumbin Kure ya zo, ta ƙasar Maiyama. Ciwon huhu ya shiga garkensa ya share shi. Matarsa ta koma gidansu, ɗansa ya bi wasu shanu kudu. Farkon rani ya zo ya durƙusa wa maigari, aka yanka masa wani ɗan tsiri a can ƙarshe inda ruwa ba ya isa sosai. Ya kafa bukka a wurin. Wannan ne nomansa na farko a duniya.

Na bi ta bayan gwaibar na tsaya daga nesa. Dogon mutum ne siriri, ya fara furfura. Yana tsugune cikin tumatir yana ɗaga reshe yana tokare shi da kara, bakinsa na motsi. Magana yake yi da su. Ban ƙarasa ba. Na san irin wannan maganar, ni ma ina yi da kekena.

* * *

Bayan la'asar maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa. Aka zaunar da Abdussalam a tsakiya, shi kaɗai a kan tabarma, an bar fili tsakaninsa da kowa. Ɗayyabu na gefe, ba ya kallonsa. An kawo tsoho Ayuba ma an jingine shi da bango.

"To, Kalilu."

"Allah shi ba ka nasara, mutanen hwadama ba su cika ba. A kira mai tumatir na bayan gwaiba."

Aka yi ta tambayar juna wane ne. Da aka gane, wani ya ce mi ya haɗa shi da wannan magana. Maigari dai ya aika. Na roƙi wanda aka aika kada ya gaya masa komai, ya ce kawai maigari na kira, gari ya taru.

Ya daɗe bai zo ba. Da ya ɓullo sai na gane dalili. Ya yi wanka, ya sa riga shuɗiya wadda ninkinta bai warware ba, ya ɗora malfa. A hannunsa ƙwarya ce cike da tumatir, zaɓaɓɓu, an goge su. Tun da ya zo garin ba a taɓa kiransa taro ba. Na so a ce na je na same shi shi kaɗai. Amma mutane sun ga Abdussalam a tsakiyar tabarma, dole su ji da kunnensu abin da zai tashe shi daga kanta.

Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya tura ƙwaryar gaban maigari.

"Allah ya ja zamaninka. Na farkon da suka nuna ne."

"Madalla," in ji maigari, ya dube ni.

Na ce, "Sannu, malam. Mi sunanka?"

"Ya'ƙub."

"Malam Ya'ƙub, kai ka ɗaura igiyar jigon Ɗayyabu?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin na wanda aka tona masa asirin alheri.

"Ni ne. Amma ba sai an tara mutane ba. Ba don a gode mini na yi ba."

Wata kaza ta ratsa tsakiyar fili babu wanda ya kore ta.

"Gaya muna yadda anka yi," na ce.

"Na ga kwana da kwanaki bai zo ba. Na leƙa, na ga albasar duk ta kwanta, wuya ya karye, ganye ya bushe, ƙasa ta tsage. Ta kowa na tsaye kore, tasa kaɗai ke mutuwa. Na zo in gaya wa wani, na iske fadama ba kowa, ina jin kiɗa daga gari. Na ce kafin a gama biki ta ƙare. Ban iya inji ba, sai na gyara igiya." Ya buɗe tafin hannunsa, duk ya sassale. "Na fara da waɗanda suka fi galabaita, yadda ake yi wa shanu. Masu sauran ƙarfi na ce su jira. Rana ta faɗi ban gama ba. Washegari na hango mutane sun cika wurin, na ce to, masu ita sun zo, sai na koma wajen nawa."

Ɗayyabu ya miƙe tsaye.

"Mi na yi maka?"

"Kai ka ba ni irin tumatir," in ji Ya'ƙub. "Ranar da kake dashe. Ka ce, ungo, Agwai, gwada wannan."

"Ragowa ce. Zubarwa za ni yi."

"Su ne waɗannan." Ya nuna ƙwaryar.

Sai a lokacin ya fara duba fuskokin mutane. Murmushin ya tsaya a bakinsa bai san inda zai sa shi ba. Ya dube ni, don ni kaɗai na tambayi sunansa.

Ni na gaya masa. Na yi masa bayani yadda ake yi wa yaro, cewa albasa in ta kwanta ba ciwo ba ne, ƙosawa ce, mai ita ne ya karya ta da hannunsa, kuma ruwan da ya ba ta shi ne ajalinta. Yana ji yana gyaɗa kai a hankali. Bai ce bai sani ba. Bai ce a yi haƙuri ba. Ya cire malfar ya ajiye a ƙasa, ya zauna yana kallon hannuwansa.

Wani daga baya ya ce al'ada dai al'ada ce, ɓarna an yi ta. Wani ya ce ai ba da gangan ba. Aka fara hayaniya. Tsoho Ayuba ya buga sandarsa a ƙasa har aka saurara.

"Rani guda mutum na tsakaninku," ya ce, "yaro ƙarami a garin ga ya san ba a ba albasa ruwa in ta kwanta. Cikinku wa ya taɓa tsayawa bakin lambunai ya yi mai maganar da ta wuce sannu?"

Maigari ya ce Abdussalam ya tashi daga tabarmar, ya tashi, ya tafi gida bai kalli kowa ba. Game da Ya'ƙub kuwa, maigari ya ce magana tana hannun mai albasa. In ya ce a bi al'ada, za a bi.

Ɗayyabu ya daɗe a tsaye.

"Ku bar ni sai da sahe," ya ce. "Yanzu in na buɗe baki ba alheri za shi hito ba."

* * *

A zauren maigari na kwana. Gari na wayewa sai ga Ɗayyabu, ƙafafunsa duk raɓa.

"Baba Kalilu, ba shi nan. Bukka ba kowa. Ya bar tumatir ɗin, ya bar hauya, tabarma kawai ya ɗauka." Ya share fuska da hannu. "Na tahi in ce mai shi zo mu tone ta tare, mu shanya, abin da ya tsira ya tsira. In baɗi ta yi in nuna mai yadda ake yi. Bi mani shi."

Na bi ɓarayi, na bi masu kisa, na bi matan da suka gudu da mazan da suka gudu. Ba a taɓa sa ni bin mutum don a ce masa ya dawo ya zauna ba.

Sawun bai yi wuya ba, don bai ɓoye shi ba. Dogon taki, ƙafa siririya, sanda a dama. Ya bi gefen fadama, ya kauce wa gari, ya hau turbar shanu. A wani wuri ya tsaya ya juyo yana fuskantar lambunan, ƙafafun sun nutse a yashi alamar ya daɗe. Daga nan bai ƙara tsayawa ba har bakin kwalta. A kan kwalta ba ni da ido, amma na san inda mutum irinsa zai nufa. Ranar kasuwar Jega ce.

A kara na same shi, wajen da ake cinikin shanu. Yana riƙe da igiyar wani bijimi na wani dillali, yana sosa masa gindin kunne, bijimin ya lumshe ido. Har yanzu rigar shuɗiyar ce a jikinsa.

"Malam Ya'ƙub."

"Baba mai sawu. An ce ka kamo ni?"

"An ce in roƙe ka. Ɗayyabu ya yahe. Ya ce wurinka na nan, ka zo ku tone albasa tare. Tumatir ɗinka na nuna, in ba a tsinka ba za su zube."

"A ba tsohuwar nan mai kwando." Ya ci gaba da sosa bijimin. "Rabin albasar ta tafi?"

"Wajen haka."

"To kullum ya gan ni zai ga rabin albasarsa. Zai yi mini sannu, zai ba ni iri, mutumin kirki ne. Ni kuma in riƙa sunkuyar da kai har in mutu." Ya girgiza kai. "Ka ce masa na gode. Wannan mutumin zai kai shanu kudu, yana neman mai rakiya."

"Na wani ne, ba naka ba."

"Na sani. Amma su in suka kwanta na san abin da ke damunsu."

Na tsaya tare da shi har aka fara loda shanun a mota. Da dillalin ya kira shi ya miƙo mini hannu, na ji sassalen igiyar jigon a tafinsa. Ya hau bayan motar ya zauna a kan katako tsakanin ƙahoni, bai waiwayo ba.

Na juya keke na kama hanyar Sabiyal, ina neman yadda zan faɗa wa Ɗayyabu.